Gurnanin da Ke Ƙarƙashin Muryar Baba

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mama ta ce ba muryarsa ba ce.

Ko minti ɗaya ba ta saurara ba. Na ajiye mata wayar a kan tiren shayi na danna, Baba ya yi sallama, ya fara gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yadda yake buɗe kowane kaset. Yana zuwa kan sunan Yaya Rif'at ta ɗaga hannu ta ce, "Kashe." Na ce Mama, kaset na farko ne fa, wanda ya aiko daga Jidda wata biyu da tafiyarsa. Ta ce, "Maganar tasa ce, na san ta kalma-kalma. Amma bakin ba na Mitwalli ba ne. Hau saman kwaba ki sauko mini da gwangwanin kaset ɗin, a sa a rikoda in ji mijina."

Na ce rikodar ta lalace. Wannan kam gaskiya ne, ta lalace.

Shekara talatin da huɗu ba ta yarda an kunna kaset ɗin nan a gabanta ba, tun ranar da aka kawo labarin rasuwarsa. Yanzu da Yaya zai kai ta Umra ranar 28 ga wata, sai ta ce a zuba mata su a waya. So take ta tsaya a jikin katangar wata maƙabarta a Jidda, ko wacce ce, tunda babu wanda ya san kabarin, ta yi masa sallama da muryarsa a kunnenta. Abin da ta roƙa ke nan. Ko jakar tafiya ba ta ce a saya mata ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da sassafe

Ina da shekara huɗu ya tafi, ina da bakwai aka ce ya rasu. Ban riƙe muryarsa ba. Wadda ke cikin wayar nan ita na sani, shekara shida ina jin ta a hanyar makaranta kusan kullum, har na san inda yake tari da inda yake kurɓar shayi. Yau na sa abin kunne a bakin ƙofa, na cire, na mayar jaka.

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Yaya Rif'at ya zo. Shi ya kwashe kaset ɗin, su goma sha ɗaya, zuwa kwamfuta shekara shida da suka wuce, da wata 'yar rikoda mai batir da ya aro, ya yi ta cika baki kamar shi ya ƙera kwamfutar. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage shi ne wanda muka yi ta tura wa juna a waya.

"Tsufa ne," in ji shi. "Kunnenta ne ya sauya."

Na ce, "Matar da za ta ji ƙarar murfin tukunya daga hawa na uku ta faɗa maka wace maƙwabciya ce ke girki? Kai da kake da shekara takwas ya tafi, ba ka ji wani bambanci ba?"

Ya yi ta juya kofinsa a kan tire. Can ya ce, "Surayya, ni fuskarsa ma sai na dubi hoto." Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Sai ya ce, "To kawo kaset ɗin mana a sake ɗauka, meye abin wahala?"

Na ce shayinsa zai huce.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan an tashi makaranta

Na je wurin Usta Milad a bayan tashar jirgin ƙasa, Usta muke kiran duk gwanin sana'ar hannu. Shi ya ɗauki bikin rabin mutanen garinmu Zagazig, nan Masar, a kaset a zamaninsa, yanzu gyaran waya yake yi yana tsine wa wayoyin. Ya sa abin kunne, ya lumshe ido, ya ɗan saurara, sai ya kira ni da Abla yadda ake kiran malamai mata a nan, ya ce, "Abla Surayya, wane gwani ne ya yi wannan aiki?" Na ce yayana. Ya ce, "Allah ya bar mana shi a ofishinsa."

Ga yadda ya yi mini bayani. Kwamfuta ba ta haɗiye murya ɗungurungum, gutsurarta take yi. A sakan guda sai ta ɗebi gutsure dubu arba'in da huɗu da ɗari, ko kuma dubu arba'in da takwas, ƙirga biyun da aka saba da su ke nan. In an ɗiba da ƙirga ɗaya aka saki da shi, lafiya lau. Amma in abin da ke ɗiba yana wani ƙirga, abin da ke ajiyewa ya rubuta ɗayan, an yi ɓarna ke nan. In an ɗiba da ƙaramin aka saki da babban, mutum zai yi sauri, muryarsa ta sirance. In akasin haka ne sai ya yi saiɓi, muryar ta yi kauri. Ya ce, "Kamar 'yan ajinki ne, ki ce su karanta layi arba'in da takwas a lokacin da aka tsara wa arba'in da huɗu. Ai dole su yi ta rige-rige."

Ni malamar lissafi ce, kafin ya rufe baki na raba a kaina. Wajen kashi tara cikin ɗari. Bai kai a ce wani mutum ne daban ba, amma ya isa matar da ta zauna da muryar shekara goma ta ce a kashe.

Na ce to wanne aka yi wa Baba, sauri ko saiɓi? Ya ce abin ya bi ta waya da yawa, kowace ta goge lambar da ta tarar ta rubuta tata, kuma gwanin namu ya yanyanke kaset ɗin, balle a auna tsawonsa. "Kawo mini kaset ɗaya tak, kafin ki shanye shayinki na gama."

Na ce zan duba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da rana

Mama ta sake tambayar gwangwanin. Na ce yana wurin mai gyara.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta kallon mutum.

Shekara uku da suka wuce muka yi fentin gida. Mama na wurin Yaya don warin fenti. Na hau saman kwaba na tarar da ƙura da tsofaffin jaridu da gwangwanin, a ranar kuma raina a ɓace yake da komai na gidan nan, gidan da kowane lungu yake jiran mutumin da ba zai dawo ba. Mai sayen tarkace yana ta kira a ƙasa. Na ce wa kaina ai duk suna cikin waya, me za a yi da roba? Na sauke masa duka a kwando ta taga. Ya ɗoro mini wata robar wanke-wanke shuɗiya.

Har yau a cikinta nake wanke shinkafa.

Litinin, 13 ga Nuwamba, la'asar sakaliya

Usta Milad ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu. Na faɗa masa gaskiyar kaset tun kafin in zauna. Ya ɗauke wata tsohuwar rediyo daga kan kujera ya ce in zauna.

A fuskar kwamfutarsa ya nuna mini wani siririn layi a ƙarƙashin muryar. Ya ce, "Rikodar babanki a jone take da wutar bango lokacin da yake magana. Wutar bango tana da gurnani, kunne ba ya kula da shi, amma kaset na kwashewa. Nasa ne, ba na yayanki ba, shi da batir ya yi aiki. To wutar kowace ƙasa da bugunta. Tamu ta Masar sau hamsin take bugawa a sakan, ta Saudiyya sau sittin. In na ja muryar har gurnanin ya zauna a kan lambarsa, ita ma muryar ta zauna ke nan."

Wallahi har na tafa hannu. Na ce, "To ja shi zuwa sittin mana, Usta, me muke jira?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce layin a kan hamsin da biyar yake, yana 'yar rawa sama da ƙasa, don kaset ba ya tafiya daidai kamar agogo. Sai ya turo mini takarda da biro.

Na buga. Sittin in an rage masa gudu, hamsin da biyar da ɗigo ɗaya. Hamsin in an ƙara masa gudu, hamsin da huɗu da ɗigo huɗu. Na sake bugawa. Duka biyun sun shiga.

Ke nan murya biyu ce za ta iya zama ta Baba. In siririyar ce, wutar ɗakin sittin take bugawa, yana Jidda kamar yadda ya faɗa. In mai kaurin ce, wutar hamsin take bugawa, kuma ɗakin da yake zaune yana gaishe mu ba a Jidda yake ba.

"Ni inji nake ji, Abla," in ji Usta. "Mutumin kuwa sai wanda ya san shi." Ya yi mini duka biyun, ya sa wa siririyar lamba ɗaya, mai kaurin lamba biyu. Da zan fita ya miƙo mini alewar na'ana'a kamar wata yarinya, ni kuma na karɓa.

Talata, 14 ga Nuwamba, da safe

Ba ma sai na kunna mata komai ba. Tambaya ɗaya ce: Mama, wadda kika ji ran nan, ta fi tasa kauri ko ta fi ta siranta?

Ban tambaye ta ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba, lokacin tara

Na ba wata yarinya maki cikakke a lissafin da ta faɗi. Ita da kanta ta dawo mini da littafin. Ban saurari ɗaya ba, ban saurari biyu ba. Ban tambaye ta ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

Na hau mota zuwa ƙauye wurin Gwaggo Insaf, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na ce in ita ta zaɓa, Mama ta huta.

Na sa mata ɗaya, ta rushe da kuka, "Wayyo ɗan'uwana, shi ne wallahi." Na sa mata biyu, ta ƙara sautin kukan, "Shi ne, shi ne, kamar yanzu zai shigo." Don in gwada ta sai na sake sa ɗaya na ce wannan ta uku ce. Ta ce wannan ma ta fi kama. Da na sa mata mai karanta labarai a rediyo ma ina jin cewa za ta yi ɗan'uwanta ne. Na yi dariya har hawaye, daga baya dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba.

Ta cika ni da gurasa mai mai da zuma da cuku, tana ta zuba. A cikin zubar ne ta ambaci Shahata. Na san sunan tun ina ƙarama, amma ban taɓa ɗaukarsa da nauyi ba. Direban babbar mota ne a tashar jirgin ruwa ta Suwez. Shi yake kawo kaset duk bayan wata uku, ya ce ma'aikatan jirgin Jidda ne suke ba shi. Ba a taɓa samun ko ɗaya ta gidan waya ba. Shi ne kuma ya kawo jakar Baba da labarin zazzaɓin da ya ɗauke shi a kwana huɗu, ya ce an binne shi a can.

"Mutumin kirki," in ji Gwaggo. "Ko ruwa ba ya tsayawa sha. Kansa a ƙasa zai ajiye saƙo ya juya. Ya rasu shi ma, tun kafin ki gama jami'a." Sai ta ɗaga hannu sama, "Mitwalli dai ya dace, ƙasa mai tsarki ce ta karɓe shi. Da wannan uwarki ta rayu, 'yar nan. Da ba don wannan ba da tuni ta bi shi."

Na ce haka ne, Gwaggo.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Mama ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa ta ce in tashi mu je wurin mai gyaran nan tare, ita za ta karɓo gwangwaninta da kanta, kwana goma ya isa.

Na faɗa mata maganar mai sayen tarkace. A tsaye na faɗa, ina kallon takalminta.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Har da gwangwanin?" Na ce har da shi. Ta ce, "Na alewar bikinmu ne." Ta cire rigar ta ninke ta mayar, ta shiga kicin ta ɗora miyar lalo, ta zuba mini ta ce in ci kar ta huce. Da zagina ta yi da na samu sauƙi.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da yamma

Ta yi mini magana sau uku yau: gishiri, makulli, da ko na ga allurarta.

Talata, 21 ga Nuwamba, a ɗakin malamai

Na yanke shawara. Lamba ɗaya kaɗai zan sa mata, in ce an gyara. In ta karɓa, shi ke nan, in goge lamba biyu, in daina lissafi. Ina roƙon Allah ta karɓa. Ban taɓa roƙon wani abu haka ba, ko lokacin da aurena ke mutuwa.

Laraba, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na sa mata ɗaya.

Ta saurara har ya gama gaishe-gaishe, don dai kar ta karya mini gwiwa. Sai ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Wannan ai Mitwalli ne kare ya biyo shi. Ta fi ta ran nan muni." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Bar shi, 'yata, kin yi ƙoƙari. Zan tafi da wadda ke cikin kaina, sai dai ita ma ta fara dusashewa."

Ta nufi ƙofa tana jan silifa. Ina kallon bayanta, yadda ta rage, yadda kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na so in rubuta cewa ban san lokacin da yatsana ya danna ba. Ƙarya ne, na sani. Na danna biyu.

Ya yi sallama.

Mama ta tsaya cak, hannunta a jikin ƙofa. Ta amsa sallamar. Sai ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta, ta tura gashin da ya fito. Ta juyo a hankali ta zauna a ƙasa, a ƙasa fa, ita da sai an kama ta take tashi. Yana cewa, "Nabawiyya, yaya ƙafar taki?" ta ce, "Da sauƙi, Abu Rif'at, ɗayar ce yanzu." Yana tambaya tana ba shi amsa. Ya yi tari ta ce, "Ka ga, ban hana ka tabar nan ba?"

Ni kuwa yau na fara jin ubana. Muryarsa mai kauri ce, ba ya gaggawa, yana ajiye kalma kamar mai ajiye ƙwai a kwando. Da ya ce "Surayya" sai na ji sunan ya fi yadda na san shi tsawo.

Da kaset ɗin ya ƙare ta kamo kaina ta sumbata. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin dawo mini da shi. Gwangwani kuma na yafe, gwangwani ne kawai."

Na shiga kicin na buɗe famfo har ƙarshe don kar ta ji ni.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, da safe

Hamsin.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, bayan cin rana

Na ja Yaya zuwa baranda na nuna masa takardar lissafin. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta ƙanana-ƙanana.

"Ke da lissafinki," in ji shi. "Iraƙi ma ai hamsin ce, da Urdun, da Libiya. Wataƙila aikin Jidda ne bai yiwu ba ya wuce wani wuri, ya ji kunyar faɗa. Kin san yadda aka raka shi? Da kalangu da guɗa, ƙauye guda har bakin titi. Mutum ya dawo ya ce me?"

Na ce, "To takardar rasuwar fa? Daga ina ta zo?"

"Ba ta zo ba. Kotu ce ta ba Mama bayan shekaru." Ya kalle ni, na kalle shi. Akwai wata tambaya a bayan wannan: shin ya ma rasu kuwa? Ni da shi duk mun gan ta, babu wanda ya taɓa ta.

Sai ya kama hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi. "Saura kwana huɗu. Wallahi Surayya in kika faɗa mata, ba ni ba ke. Kin ji ta kuwa? Waƙa take yi a kicin. Yaushe rabon da ki ji Mama na waƙa?"

Na ce ya sakar mini hannu, ni ba 'yarsa ba ce. Amma na ji ta. Waƙa take yi.

Asabar, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Iraƙi. Duk yinin jiya da ita na rayu. Iraƙi ma ai da nisa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, bayan an tashi makaranta

Ina zuba wa Mama kaset ɗin a wayarta ɗaya bayan ɗaya, ina saurara don in tabbatar kowanne ya shiga daidai. Ina kan na huɗu sai na ji mai tukunyar gas yana buga sifana a jikin tukunya, bugu uku ya huta, bugu uku ya huta. Tamu ta kusa ƙarewa, sai na fizge abin kunne na ruga baranda ina kira, "Mai gas! Tsaya, hawa na biyu!"

Babu kowa a layin. Kyanwa ce kawai a kan motar maƙwabci.

Na koma na mayar da abin kunne, na ja baya kaɗan. Yana nan. A bayan Baba yake, ta taga, yana matsowa yana wucewa. Na duba sauran. Yana cikin na uku, da na bakwai, da na tara.

Duk wanda ya dawo daga aikin ƙasar waje abin da yake ba mu dariya da shi ke nan, wai a can shirun titi ne ke hana shi sakewa, ba mai buga maka tukunya a ƙarƙashin taga. Wannan bugun namu ne, na Masar. Shekara shida ina jin sa a kunnena ban ji shi ba. Mama ta ji kaset ɗin nan sau ɗari a lokacinsu, da Gwaggo, da maƙwabta da ake tarawa a tsakar gida, babu wanda ya ji, don tun da aka haife mu muke jin sa.

Ba Iraƙi ba ce.

Litinin, 27 ga Nuwamba, bayan magariba

Ta gama haɗa kaya. Farin mayafi biyu, maganin ƙafa, carbi, da wayar a cikin wata 'yar jaka da ta ɗinka mata da hannu, mai igiya, don ta rataya a wuya. Na koya mata inda za ta danna sau biyar, ta ce ita ba jaka ba ce, sau ɗaya ya isa.

Sai ta ce, "In na tsaya a katangar, me zan ce masa daga gare ki?"

Bakina ya buɗe. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro, duka, da hamsin ɗin da mai gas da Shahata. Tana kallona tana murmushi, allura a bakinta.

Na ce, "Ki ce masa na girma."

Ta ce, "Wannan ai ya sani. Zan ce masa kin yi baki kamar gwaggonki."

Talata, 28 ga Nuwamba, bayan la'asar, tashar mota

Sun tashi. A filin jirgin Alƙahira ta riƙe jakar wuyanta da hannu biyu, ba ta waiwayo ba sai sau ɗaya. Yaya ya waiwayo sau da yawa, duk ni yake kallo.

A motar dawowa Zagazig na sa kaset na goma sha ɗaya. Ban taɓa kai shi ƙarshe ba, kullum sai in kashe saura kaɗan, don in ya ƙare babu wani. Yau na bar shi. Muna shiga tasha yana cewa, "Surayya, an ce mini kin shiga makaranta, an ce kin iya ƙirga har ɗari. Kar ki yi fushi da Baba. Teku ne tsakaninmu, 'yata, babba, ba a tsallake shi da ƙafa. Da ba don shi ba, wallahi kullum a gida zan kwana." Sai ƙarar maɓalli.

Na sauko. A layin da ke kallon namu wani direba yana dukan jikin motarsa yana kira, "Suwez! Suwez! Mutum ɗaya!" Suwez, inda Shahata yake ɗauko kaset ɗin. Sau dubu na wuce layin nan ban taɓa juyawa ba.

Na je na ce, "Awa nawa ne?"

"Biyu, Abla, in ba mu tsaya shan shayi ba."

Na san amsar, ni da nake da taswira a bangon aji, amma na tambaya. Na ce, "Ana tsallake teku?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya. "Wane teku kuma? Kwalta ce tun daga nan har can. Rabin mutanen motar nan a can suke aiki, kullum a gida suke kwana. Za ki hau ko in sa wani?"

Na ce ya sa wani.

Motar ta cika ta tafi, wata ta shigo layi. Ina nan zaune a kan benci.